Yayan Kaka da Mai Gadin Cikin Kaset

Ranar wata Alhamis ce bayan La'asar, a gidan yayata da ke unguwar Mansur a Makka. Mu uku ne a falo: ni, da ita, da autanta, wanda ke kwance a kan kafet yana latsa waya. Ban ga abin da yake kallo ba, ƙarar na fara ji: busar ƙaho siririya, da shuuu ɗin nan na tsohon fim, kamar ana suya a wani ɗaki mai nisa. Yaron ya tuntsire da dariya, ya miƙo mini wayar, ya ce da Larabci in dubi wannan mutumin. Na duba. Wani dogon baƙin mutum ne cikin farar riga da rawani, ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya durƙusa a tsakiyar falon wasu masu hali. Na miƙa wa yayata. Ta kalla, ta mayar wa yaron wayarsa. Ni kuwa ban san ta inda zan fara yi masa bayani ba. Bari in gwada da kai, mai karatu.

A unguwar Tandabawi aka haife ni, a wani siririn gida mai hawa uku da ke jingine da dutse. Da rani bangonsa yakan riƙe zafi har wayewar gari, ruwan tanki kuwa sai an tara shi a bokiti ya huce kafin a taɓa. Ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, shi ne na ƙasa, kusa da ƙofa. Ƙamshinsa turaren wuta ne da man zafi da daddawar da alhazai ke kawo mata daga gida. Kowace safiya mukan tsaya a bakin ƙofarta, mu tuɓe takalmi, mu durƙusa mu gaishe ta, kafin mu wuce makaranta. Ni takan kira ni Uwata, saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini.

Kaka da ƙafa ta zo. Tana yarinya ta baro wani ƙauye a ƙasar Katsina tare da mahaifinta da yayanta namiji, da niyyar Hajji. Sun yi shekaru a hanya, suna tsayawa suna aikin auduga a Sudan, kuma a can mahaifin ya rasu. Da suka kai bakin teku guzuri ya ƙare. Lokacin babban yaƙi ne, ana ta labarin cewa sojoji na ɗaukar leburori a arewa, wajen Masar. Yayan ya damƙa ta a hannun wasu abokan tafiya, ya ce zai je ya nemo na jirgi, su haɗu a Makka. Ita ta iso. Shi ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Baba ya daɗe yana so ya yi wa kawun nan nasa Hajji, tunda da niyyarta ya fito bai samu ba. Amma ba a yi wa mai rai da lafiya Hajji, sai mamaci ko wanda ya gaza, don haka amincewar Kaka tana nufin ta yarda ya mutu. Shekara da shekaru tana kau da zancen. A shekarar da nake ba ka labari ne ta sallama. Baba, wanda a lokacin Hajji yake aiki a Mina yana yi wa alhazan Najeriya jagora, har ya samo wanda zai riƙe masa gurbinsa. Magana ta ƙare, ana jiran wata kawai.

Sai Kawu, ƙanen Umma, ya shigo mana da bidiyo.

A Makka babu gidan silima, saboda haka akwatin nan ya zama abin kallo tun kafin a kunna shi. Kawu yakan aro kaset a wani shago, mafi yawa tsofaffin finafinan barkwanci na Masar, marasa launi, waɗanda aka naɗo daga talabijin. Kaka ba ta kallo. Takan zauna ta ba akwatin baya, faranti a cinya, tana tsintar shinkafa, tana cewa mu rage baki. Wata ranar Juma'a bayan cin abinci dariyarmu ta yi yawa, ta waiwayo don ta tsawata. Ba ta tsawata ba. Ta ajiye farantin a ƙasa.

"Uwata, mayar da shi baya," in ji ta.

Na mayar. Mai gadin wani babban gida ne aka kira shi gaban maigida. Ya zo bakin falo ya tuɓe takalmi, ya rasa inda zai ajiye, ya riƙe su a hannu. Ya shiga yana ɗan jan ƙafar hagu, ya durƙusa a kan shimfiɗa. Baƙi masu kwat da jar dara suka bi shi da kallo. Aka miƙa masa wasiƙa, ya maƙale takalman a hammata ya karɓa da hannu biyu. Aka tambaye shi ina ɓarawon ya bi, ya turo leɓe ya nuna taga. Matar gidan ta suma, ko ta yi kamar ta suma. Shi ke nan, ya fita, fim ya ci gaba da masu soyayya.

Kaka ta sa na sake mayarwa, na kuma sakewa. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Yaya ne."

Kawu ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye ta. Kaka ta ce durƙuson nan na gidansu ne, haka mahaifinsu ya koya musu, gwiwar dama a ƙasa. Ta ce ƙafar hagun nan kurkunu ne ya taɓa kama ta a hanya, ita ce ma take riƙe masa tsinken da ake naɗe shi. Kawu ya ce ɗingishin na wasa ne, don a yi dariya. Ta tambaye shi ko ya taɓa ganin Bamisire ya nuna abu da leɓe. Ya ce bai taɓa zuwa Masar ba. Ta ce to ya yi shiru.

Ni abin da ya fara ɗaure mini kai daban ne. Minti kaɗan kafin nan ina birgima don dariya, kuma abin da ya ba ni dariyar shi ne mutum ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Washegari da safe na tsaya a ƙofar Kaka na yi daidai abin da ya yi. Ina durƙushe ina tunanin ko akwai wasu mutane a wani wuri da za su ga wannan su riƙe ciki. Na kasa gane ko shi ne abin dariya, ko mu, ko masu kwat ɗin.

Daga ranar na samu aiki. Larabcin Kaka na kasuwa ne da na Harami, ba ta kama maganar Misirawa idan suna sauri, don haka ni ce mai fassara, ni ce kuma mai danna maɓalli. Kawu ya shiga zagayen shaguna yana nemo duk kaset ɗin da mutumin ke ciki, kuma suna da yawa. Ba shi ne jarumi ba ko sau ɗaya. Yau mai gadi ne, gobe kuku, jibi mai tuƙa keken doki ko yaron otal. Yakan fito ya sha mari, ko ya faɗa cikin kwandon wanki, ko ya kori angon gida da sanda bisa kuskure, ya ɓace. Mukan tura kaset gaba, mutane na ta gudu suna rawa kamar an zuba musu ruwan zafi, har sai farin rawani ya gilma, Kaka ta ce tsaya. Finafinan nan na san su kamar tafin hannuna, amma har yau ban san labarin ko ɗaya ba. Ban san wa ya auri wa ba. Na san dai wa ya buɗe ƙofa.

Wata rana dabara ta zo mini. Na ce ai akan rubuta sunayen 'yan wasa a farkon fim, bari in karanta mata, in ta ji nasa shi ke nan. Na karanta tun daga manyan sunaye har ƙananan da ke wucewa da sauri. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗaki. Umma ce ta ja ni kicin ta gaya mini cewa Kaka ba ta san sunansa ba. Shi ɗan fari ne, iyayensa ba sa kama sunansa don kunya, da laƙabi suke kiransa. Ita kuwa ƙanwa ce, Yaya take ce masa. Abokan tafiya ma da sunan garinsu suke kiransa. Na tsaya riƙe da ludayi ina juya maganar: mutum ya goye ki ya ratsa ƙasashe da ke, amma a jera miki sunaye ki kasa cewa ga nasa.

Yadda take kallonsa ma bai tsaya wuri ɗaya ba. Wani lokaci takan matso har ta kusa taɓa gilashin, ta ce ya rame, ba a ba shi abinci. Wani lokaci faɗa take yi masa. Na tuna wani fim da ya fito da tumbi yana satar nama a tukunya, ta nuna shi da carbi ta ce, "Dubi wuya. Ka bar ni da ƙullin gari a bakin ruwa, kai kana can kana cin kaji." Kaset na gaba ya fito siriri, saurayi sosai, ta yi tsaki ta ce wannan kuma wane irin mutum ne da ba ya zama a shekarunsa.

Kada ka ɗauka ba ta san wasa ba ne. Ta ga 'yan kama tun tana ƙauye, ta san marin ba na gaske ba ne. Baba ya zaunar da ita ya yi mata bayani cewa finafinan nan tsofaffi ne, wasu tun lokacin yaƙin aka yi su, kafin a haife shi. Ya ɗauka wannan zai rufe zancen. Ta ce madalla, ke nan bai mutu a hanya ba, ya isa Masar, ya samu sana'a. Wa ya zo ya ce wa Baba daga baya ya mutu?

Baba ya kai maganar wurin limamin masallacin unguwa. Liman ya ce wanda ya ɓace aka rasa labarinsa, akan yi masa hukuncin mamaci idan sa'o'insa sun ƙare, amma idan akwai alamar yana raye sai a dakata a bincika. Da Baba ya kawo amsar, Kaka ta tura shi ya leƙa bakin layi, inda wani tsoho ke sayar da goro. Ta ce wannan tsohon a ayari ɗaya suka taho, ya ma girmi Yaya, kuma jiya ta ji shi yana zagin mai babur. Sa'o'in ba su ƙare ba.

Haka azumi ya wuce, Shawwal ya wuce, alhazai suka fara cika gari. A wancan zamani idan Hajji ya zo mukan ba da hayar ɗakunanmu, mu kwashe kayanmu mu koma saman bene, a kafa rumfa da barguna. Ina son lokacin. Daga sama kana ganin fitilun Harami, kana jin harsuna iri-iri suna tasowa daga lungu tare da hayaƙin girki. A shekarar nan gidan da ke jikin namu Misirawa aka sauke. Kaka ta ce ai dama duk mai rai sai ya zo Makka ko ya aiko wanda ya san shi. Ta dafa zobo, ta zuba dabino a kwano, ta ce in ɗauko mayafina.

Ɗakin matan cike yake da katifu da igiyar shanya. Sun karɓe mu da fara'a, suna ta ya hajja, ya hajja. Na fara bayani: wani ɗan wasa, baƙi, dogo, yakan fito a mai gadi. Suka ce masu gadi a fim ai sun fi a ƙirga. Na ce mai rawani. Suka ce duk da rawani suke. Na juya na gaya wa Kaka ba su gane ba.

Sai ta miƙe. Kaka, wadda ko a gida ban taɓa ganin ta yi gaggawa ba, ta koma bakin ƙofa, ta ɗauki takalmanta ta riƙe a hannu. Ta shigo tana jan ƙafar hagu. Ta durƙusa a tsakiyar ɗaki, gwiwar dama a ƙasa, ta maƙale takalman a hammata, ta miƙa hannu biyu.

Ɗakin ya fashe. Wata ta faɗa kan katifa, wata tana dukan cinya, wata tsohuwa tana share hawaye da gefen mayafi. Duk sun san shi. Kaka tana durƙushe tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ba ta motsa ba, har suka lafa.

Daga nan kowa ta kama magana lokaci ɗaya, ni kuma ina tsakiya ina ƙoƙarin juyawa. Tsohuwar ta ce Allah ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa, a shekarun yaƙi da ba a samun burodi shi ne yake sa su manta da yunwa. Ta kusa da ita ta ce a'a, wanda ya rasu wani gajere ne, wannan yana nan, mijinta ya gan shi a wurin shan shayi. Wata ta ce mutumin kudancin Masar ne. Wata ta ce daga Sudan ya zo, ko ma gaba da Sudan. Na tambayi sunansa, suka kalli juna, kowa ta kira shi da sunan da ya ci a wani fim daban. Kaka ta ce in tambaye su ko yana da 'ya'ya. Ba su sani ba. Ta ce in tambaya ko ya taɓa zuwa Hajji. Wata ta yi murmushi ta dafa kafaɗarta, ta ce ya hajja, wa ke bin labarin mai gadi?

A matattakala muna hawa, Kaka ta tsaya ta huta, ta ce in sake faɗa mata abin da suka ce. Na sake jerawa. Ta tambaye ni wanne na fi yarda da shi. Na ce ban sani ba. Ta ce ita ma, kuma ga shi ta ba da zobonta.

Ranar takwas ga watan Hajji, bayan sallar Asuba, Baba ya yi wanka ya ɗaura fararen zannuwan harami, amma bai yi niyya ba tukuna. Gari ya riga ya ɗauki Labbaika, motocin Mina suna ta hon a ƙasa. Ya zo gaban tabarmar Kaka ya durƙusa. Muna zaune a bayan bargo, muna ji.

"Inna, lokaci ya yi. A kan wa zan fita?"

Ta ja carbi. Sannan ta ce, "In na ce ka yi masa, ni na kashe shi da bakina. In na ce kada ka yi, to yana can da ransa shekara da shekaru, yana ba mutane dariya, bai neme ni ba. Kai wanne za ka ɗaukar mini?"

Wani direba a ƙasa ya yi ta kiran sunan wani alhaji.

"Bari bana," in ji ta.

Ya ce to. Ya shiga bayan rumfa ya sauya kaya, ya sa rigar aikinsa, ya tafi Mina ya nemi mutumin da ya riƙe masa gurbi don ya ba shi haƙuri. Umma ta ninke zannuwan ta mayar cikin akwati.

Na yi zaton bayan Hajji za ta daina kallo, ko ta yanke shawara. Ba ta yi ko ɗaya ba. Muka ci gaba, ni da ita, har kaset ɗin suka fara gajiya. Kuma a inda muke yawan mayarwa suka fara ci. Masu soyayya suna nan garau, waƙoƙinsu tsaf, amma da zarar an ƙwanƙwasa ƙofa mai gadi zai fito, sai hoto ya hau rawa, farin yayyafi ya rufe shi. Tun ana ganin fuska, aka koma ganin rawani kawai, daga baya sai murya. Kaka takan zauna gaban yayyafin ta ce ga shi nan ya durƙusa. Kowace shekara idan Zulƙida ya kama Baba yakan tambaye ta, kowace shekara amsar ɗaya ce.

Yau gidan Tandabawi babu shi, an rushe layin gaba ɗaya, ko dutsen da yake jingine da shi an sare. 'Ya'yanmu suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa, kuma a tsaye suke gaisuwa, su sumbaci goshi. Abin da Kawu ya yi watanni yana nema shago-shago, yanzu yana cikin aljihun kowane yaro. Bayan ranar Alhamis ɗin nan na zauna na bincika, cikin ɗan lokaci na samu sunan mutumin. Suna ne da za a iya raɗa wa Bahaushe, a raɗa wa Basudane, a raɗa wa Bamisire. Wani wuri an rubuta cewa a kudancin Masar aka haife shi, wani wuri an ce ba a san asalinsa ba. Abu ɗaya suka haɗu a kai: ya rasu tun kafin bidiyo ya shigo gidanmu. Ke nan idan shi ne, duk shekarun da Baba ya yi yana tambaya Hajjin ta halatta. Idan ba shi ba ne, muna nan inda muke tun bakin teku. Nakan rasa ko in yi baƙin cikin cewa Kaka ba ta samu wannan labari ba, ko in gode wa Allah.

Ta rasu a wani watan Safar, ba ta ce a yi ba. A Hajjin da ya biyo baya Baba ya ɗaura harami a kan yayanta, ya fita Mina da ƙafa.